Indararon Gabas

Litinin, 23 ga Yuni, bayan la'asar

Na ga tabo a silin. Yana kusurwar gabas, saman inda nake ajiye buta, faɗinsa bai wuce faifai ba. Na ɗaura alli a bakin sandata na zagaye shi don in san ko yana ƙaruwa. Da'irar ta fito kamar ta ɗan aji ɗaya.

Na san dalili, ba sai an faɗa mini ba. Ɗakin nan soro ne, ƙasa bisa azara. Kwalin silin daga baya muka buga, shekarar da matata marigayiya Saude ta ce ta gaji da kakkaɓe ƙasa daga gado. Indararo biyu gare shi, gabas da yamma. Talatar da ta wuce Hamidu magini ya hau yin yaɓe, ya tarar na gabas ya tsage, ya cire shi, ya toshe ramin da ƙasa kafin ya kawo sabo. Da ya sauko ya ce, "Malam, kada ka bar kowa shi hau. Akwai azara guda da ta ji jiki, ni kaɗai na san inda ake aza ƙafa. Jibi na gama, in Allah Ya so."

Laraba ya tafi Kucheri ɗauko indararon. An tare motarsu a hanyar dawowa Tsafe. An bar direba da tsofaffi biyu, sauran an shiga daji da su. Na rubuta wannan sau ɗaya, ba zan sake ba.

Yau kwana biyar.

Talata, 24 ga Yuni, hantsi

Babu labari.

Alhamis, 26 ga Yuni, bayan azahar

An yi yayyafi da safe. Tabon ya tsallake allin da kamar yatsa biyu. Na sake zagayewa.

Tambaya, matar Hamidu, ta kawo mini dambu. Tun rasuwar Saude shi ya sa ta riƙa aiko mini da abinci, kuma tun da suka baro Kucheri suka dawo cikin gari, kamar kowa, abin bai taɓa yankewa ba. Da can shi yake kawowa in ya taso aiki. Yanzu ita ke zuwa da kanta. Ta durƙusa ta gaishe ni, amma idonta yana kan tsaninsa da ke jingine da bango.

"Baba Malam, aikin na nan yana jiransa ko?"

Na ce yana nan.

"To madalla. Kun san shi, ba ya barin aiki rabi. Ko tuwo ne sai ya suɗe kwano."

Ta yi dariya, ni ma na yi. Hamidu ɗalibina ne a firamaren Kucheri. Shekara uku ina fama da shi a kan raba dogon lissafi, bai taɓa iyawa ba. Amma ya dubi bango sau ɗaya ya faɗa maka kwando nawa na ƙasa zai ci, kuma ba ya kuskure. Yau furfura ta cika masa gemu, har yanzu ba ya zama a kujera in ina wurin.

Asabar, 28 ga Yuni, la'asar

Ruwa sosai, daga azahar har yanzu. Na tsaya a ƙofa ina duban indararon yamma. Yana zuba, amma ba kamar yadda ya kamata ba. Gangaren rufin gabas yake kallo. Duk abin da na yamma bai kwashe ba yana can kwance a bisa kaina.

Ɗigo ya fara. Na tara tasa.

Lahadi, 29 ga Yuni, bayan asuba

Tasa biyu. Babu labari.

Talata, 1 ga Yuli, bayan azahar

Na aika aka kira mini Isah. Shi kaɗai ya rage a unguwar nan mai aikin ƙasa, sauran duk sun koma bulo da siminti, ba mai yarda ya taka soro da damina. Ya shigo ya ɗaga kai, ya daɗe yana kallo, ya fita ya zagaya bayan ɗaki ya dawo.

"Baba, aikin bai kai na shan ruwa ba. A huda toshin, a sa indararo, a lalubi azarar a tokare ta. Kahin la'asar an gama."

Na ce to bismillah.

Ya sosa ƙeya. "Aikin Hamidu na."

Na ce na sani.

"Baba, a hannun mahaihinsa na koyi gini. A gidansu na ci tuwo shekara tara. Mu ba mu hawa aikin da ɗan'uwa ya buɗe, sai shi ya ce a hau da bakinai. In kuwa babu shi, iyalinsa su ce."

Na ce to ai ga Tambaya nan kullum tana zuwa.

Sai ya dube ni kamar na yi saɓo. "Baba, kai ma ka san ranar da iyali ke cewa a hau."

Na sani. Na manta ne, ko na so in manta. Iyalin magini ba sa ba da izinin a ƙarasa aikinsa sai in ya riga mu gidan gaskiya. A gabana aka yi haka da mahaifin Hamidu, a katangar masallacin da ya bari rabi.

Na ce masa a wane littafi aka rubuta wannan. Ya ce, "Ku ne masu littahi, Baba. Mu abin da mun ka taras ke nan." Ya taimake ni muka ja gado zuwa bangon yamma, ya tafi.

Laraba, 2 ga Yuli, hantsi

Mako biyu cif.

Juma'a, 4 ga Yuli, bayan masallaci

Ban je Juma'a ba, gwiwa ta hana. Balkisu ta bugo waya daga Gusau. Ita kaɗai Allah Ya bar mini cikin 'ya'ya huɗu. Ta ji tari a muryata tun kafin in gama amsa sallama.

"Baba, ɗakin nan yana yoyo ko?"

Na ce ɗan ɗigo ne.

"Wallahi Baba in na zo na ga ba daidai ba, ba zan dawo ni kaɗai ba. Alhaji ya ce ɗakin zaure na nan an share."

Ɗakin zaure. In zauna a bakin ƙofar suruki, duk mai shiga ya gaishe ni, duk mai fita ya gaishe ni, a riƙa miƙo mini abinci kamar mai gadi. Mutumin kirki ne mijinta, ban da abin cewa a kansa. Amma a ɗakin nan aka kawo mini Saude, a nan aka yi mata wanka aka fita da ita. Ba na roƙon Allah abu mai yawa yanzu. A fitar da ni ta ƙofar da aka fitar da ita.

Na ce mata an kusa gyarawa.

Lahadi, 6 ga Yuli, azahar

Na daina zagaye tabon. Alli ba ya kama kwali mai laima.

Litinin, 7 ga Yuli, la'asar

Silin ya yi ciki, ya sauko kamar tulu. Na tuna yadda wani hedimasta ya yi a ofishinmu na Bungudu shekarun baya: in kwali ya tara ruwa, gara ka huda shi da kanka, in ba haka ba ya faɗo gaba ɗaya. Na ɗaura ƙusa a sanda. Sau huɗu ina kai hannu ina kasawa. A na biyar ya shiga. Ruwan ya zubo ja, da ƙasa a ciki, ya cika bokiti ya kusa rabin wani. Ƙasar rufin ce take narkewa tana biyo shi.

Ban iya ɗaga bokitin ba. Da moɗa na riƙa kwasa ina kaiwa waje. Na ƙirga zuwa goma sha tara, sai na zauna.

Talata, 8 ga Yuli, bayan azahar

Na yi niyyar yi wa Tambaya magana yau. Na shirya kalmomin tun safe, har na gwada su da ƙarfi ni kaɗai. Zan ce lalura ce, zan ce ba abin da ake nufi ke nan ba, zan ce ni zan yi wa mutane bayani.

Ta shigo da sauri ko sallama ba ta gama ba.

"Baba Malam, an gan shi!"

Wani mutumin wajen Kucheri ne aka sako shekaranjiya. Ya ce a inda aka tsare su akwai wani mai furfura da ake fitarwa kullum yana yi musu gini, har ya ji yana yi wa masu kwaɓa ƙasa faɗa wai sun cika ruwa. Bai san sunansa ba.

"Shi na, Baba! Wa ke faɗa a kan kwaɓi in ba shi ba? Ko a lahira aka ba shi laka sai ya ce ta yi ruwa." Sai ta kama bakinta. "Astagfirullah. Mi na ce haka?"

Ta ɗaga kai ta ga ramin da na huda, ta ga bokiti.

"Ku ƙara haƙuri kwana biyu. Shina tahe."

Na ce ba komai, ɗan ɗigo ne.

Alhamis, 10 ga Yuli, hantsi

Babu labari. Ɗakin yana warin fumfuna. Ƙamus ɗina na kwaleji ya kumbura, ba ya rufuwa.

Juma'a, 11 ga Yuli, la'asar

Akwai abin da ban rubuta ba.

Ranar da ya cire indararon ya ce mini, "Malam, bari in je bakin kasuwa in sa a lanƙwaso na kwano, yanzu-yanzu in kafa." Ni na ce a'a. Na ce na kwano yana tsatsa, yana da ƙara, ba na so. Na ce na ƙasa nake so, gasasshe, irin na matan Kucheri, irin wanda ke jikin ɗakin tun farko. Ya ce, "Malam, hanyar ba ta da daɗi kwanan nan." Na ce da safe ai ba komai.

Bai taɓa yi mini musu ba tun yana aji uku.

Asabar, 12 ga Yuli, azahar

Ruwa.

Lahadi, 13 ga Yuli, azahar

Ruwa. Wani ɓangaren kwalin ya faɗo kan tabarmar salla. Ta ramin ina ganin azara, baƙa ƙirin, tana naso. Na ga wadda Hamidu yake nufi. Ta lanƙwasa a tsakiya.

Litinin, 14 ga Yuli, bayan la'asar

Isah ya leƙo ba tare da na kira shi ba. Ya tsaya daga ƙofa, ya ƙi shigowa.

"Baba, ka koma zaure da kwana. In aka yi manyan ruwa biyu, wanga ɗaki ba ya kai na uku."

Na ce to ka hau mana.

"Tambaya ta ce?"

Na girgiza kai. Ya ce Allah Ya kawo mafita, ya tafi. Zauren nawa ba ƙofa, awakin maƙwabta ke kwana a ciki.

Talata, 15 ga Yuli, hantsi

Balkisu za ta zo Asabar, da mota, da mijinta. Wani ya gaya mata. Ta ce in haɗa kayana ko da za a buƙata. Ban san wanda ya gaya mata ba, kuma ban tambaya ba.

Tambaya ta kawo kunu. Ta ce waɗanda suka kama su sun bugo waya, sun yi magana da yayan Hamidu, amma ba a ba shi ya ji muryarsa ba. Ta ce ai ba kowa ake ba waya ba, musamman wanda yake kan aiki. Ta share mini ƙasar da ta zubo, ta zubar da bokiti, ta matse tabarma ta shanya. Na buɗe baki sau biyu. Na ce mata kunun ya yi daɗi.

Laraba, 16 ga Yuli

Mako huɗu. Hadari ya haɗu ya watse.

Alhamis, 17 ga Yuli, bayan azahar

Na aika aka kira Isah. Na ce masa Tambaya ta ce a hau.

Ya cire hula ya riƙe a hannu. Ya ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, ya maimaita. Ya ce yaushe labari ya zo. Na ce ban san wannan ba, ni dai ta ce a hau. Na ɗauka in na tsaya a nan ban yi ƙarya biyu ba.

Shekara talatin da biyar ina dukan 'ya'yan mutane a kan ƙarya.

Juma'a, 18 ga Yuli, la'asar

Isah ya zo da sassafe. Ya karanta Fatiha a gindin tsani kafin ya taka, ban yi zaton zai yi haka ba, kuma a fili ya yi, mutane suna wucewa. Da ya huda toshin ruwa ya yi ta kwarara ta bango har ya yi hanya zuwa titi. Ya sa indararo na kwano, daga bakin kasuwa, bai ɗauke shi rabin awa zuwa da dawowa ba. Ya tokare azarar da gungume daga ciki, ya yaye ruɓaɓɓen kwalin duka, ya yaɓe saman.

Ina zaune a tsakar gida ina jin masu wucewa. Ɗaya ya ce, "Wa ke bisa aikin Hamidu?" Wani ya ce, "Isah na." Sai na ji salati. Sai na ji takun mutum yana sauri.

A lokacin zan iya tashi in fita in ce ba haka ba ne. Sandata tana kusa da ni. Na ce bari ya gama yaɓen tukuna.

Asabar, 19 ga Yuli, bayan azahar

Balkisu ta zo. Ta duba sama, ta duba gungumen, ta taɓa bango. Mijinta ya ce aiki ya yi kyau, in rani ya yi zai sa a buga sabon silin. Ta ce, "To Baba, tunda an gyara." Ta bar mini maganin tari da bargo. Sun juya da wuri saboda hanya.

Zan zauna a ɗakina.

Ba a kawo abinci daga gidan Hamidu ba jiya, ba a kawo yau ba.

Lahadi, 20 ga Yuli, hantsi

Isah ya zo. Bai gaishe ni ba, karo na farko a rayuwarsa.

"Baba, na je yi wa Tambaya gaisuwa. Gidan cike da mata, har daga Kucheri an zo. Ta ce ita ba ta ce ba."

Na ce haka ne, ba ta ce ba.

"Ka sa na hau kan mai rai."

Na ce ni zan ɗauki alhakin.

"Kai za ka ɗauka, amma ƙahwata ta taka." Ya dubi rufin da ya gyara, ya fita.

Litinin, 21 ga Yuli, la'asar

Na je gidan Hamidu. Tafiyar da ba ta fi a sha kunu ba, sai da na zauna sau uku a hanya. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, maza biyar zaune, yayan Hamidu a tsakiya. Na tsaya a gabansu na faɗi abin da na yi, ban rage komai ba. Ba wanda ya zage ni. Da sun zage ni da ya fi. Yayan ya ce, "Allah Ya kyauta, Malam." Wani tsoho ya ce to amma dai kwana talatin da uku ba murya, wataƙila Allah ne Ya sa a bakina. Ba su naɗe tabarmin ba.

Aka yi mini iso na shiga. Tana zaune a bakin ƙofar ɗakinta, ta rame a kwana uku. Ta yunƙura za ta durƙusa, na ce ta zauna. Na ce mata ni ne. Na ce kuma ni na tura shi Kucheri, ya ce hanya ba kyau, na ce ya je.

"Wannan na sani, Baba Malam. Ya faɗa mini tun daren. Ya ce Malam na son na ƙasa, kuma Malam bai taɓa roƙona komai ba."

Na ce zan je wurin liman ya sanar a masallaci cewa babu wani labari da ya zo, kuskure ne, a daina gaisuwa.

"Ku je in kuna so."

Na ce ta yafe mini.

"Na yahe." Ta gyara zama. "Ba hushi nake ba. Ran Juma'a da mata sun ka shigo suna kuka, na ce musu ƙarya ne, na kore su. Sun ka dawo. Na bakwai, na takwas, kowa da 'Allah Shi jiƙan shi.' Har na ji bakina ya ce amin. Ni da kaina, Baba. Tun daga sannan nake neman jiran nan da nike yi, in koma cikinsa, na rasa inda na aje shi."

Wata mata ta kawo mini ruwa a kofi, na sha, na fito.

Laraba, 23 ga Yuli, hantsi

Liman ya sanar jiya bayan azahar. An ce mutane sun ce to. An ce har yanzu ana zuwa gaisuwa.

Babu labari.

Juma'a, 25 ga Yuli, azahar

Wata maƙwabciyarta ta kawo tuwo, ta ce Tambaya ce ta ce a kawo, kuma za a riƙa kawowa. Na tambaya ko ita za ta zo. Ta ce ba ta fita yanzu.

Ba ta fita, kamar mai takaba. Ban tambayi dalili ba.

Lahadi, 27 ga Yuli, la'asar

Ruwa tun hantsi, irin wanda ba a yi ba bana. Na jawo kujera tsakiyar ɗaki na zauna, na ɗaga kai, ina jira.

Ko ɗigo.